Tsohuwar Bindigar Soja a Hannun Maharbi

'Yan'uwa manoma da makiyaya na Damargu, yau za mu yi magana kan bindiga. Daga Tanut zuwa Belbeji, daga Gangara zuwa Tarka, mun san maharbi da mutuncinsa. Kakanninmu da kwari da baka suka yi farauta, shi ya sa har yau ake ce wa shugaban maharba Sarkin Baka. Daga baya bindigar toka ta shigo.

Bindigar soja tana da nata tarihi. A shekarar 1874 sojan Faransa ya ɗauki wata bindiga da ake kira Gras. Da aka ƙera wadda ta fi ta, sai ta zama tsohon kaya. Masu ƙera makamai a Faransa suka gyara da yawa daga cikinsu, suka mai da su bindigogin harbin tsuntsu da zomo, aka sayar da arha. Haka aka yi da tsofaffin bindigogin Ingila da na Jamus bayan yaƙin duniya na 1939 zuwa 1945. Amma a lura, a masana'anta aka yi wannan aiki, kuma a ƙasashen nan doka ta ce a gwada ƙarfin bindiga kafin a sayar da ita. Maƙerinmu gwani ne wajen hauya da gatari, amma ba shi da abin gwada ƙarfen bindiga.

Nan haɗarin yake. Ƙarfen da ya shekara ɗari yana yin tsatsa ta ciki inda ido ba ya gani. An ƙera Gras don baƙin albarushi, albarushin zamani kuwa ya fi shi ƙarfi ƙwarai. In aka haɗa su bututun yana iya fashewa, ya tafi da yatsu ko ido. Manomin da ya rasa hannu, wa zai riƙe masa hauya in damina ta faɗi?

Akwai kuma nisan harbi. Ƙwayoyin dalma na bindigar farauta suna faɗuwa kafin mita 300. Harsashin soja yana iya wuce kilomita 2 bai mutu ba. Ƙasarmu fili ce shimfiɗaɗɗe. Bayan wannan tudun rairayi akwai rijiya, akwai yaro da awaki, akwai mace da ta fita itace. Mai harbi bai gan su ba.

Dawa ma ta ji jiki. Tsofaffi suna ba da labarin garken mariri da jimina a arewacin Damargu. Fari na 1973 da na 1984 sun ci nasu rabo, bindiga da mota suka ƙarasa sauran. A shekarar 2000 masana suka ce babu sauran mariri a dawa ko'ina a duniya. Sai a 2016 aka maido wasu ƙasar Cadi daga inda ake kiwonsu. Maƙwabtanmu na Gadabeji, gandun dajin da aka keɓe tun 1955, sun daɗe ba su ga raƙumin dawa ba, sai a 2018 aka kai musu guda 8 cikin mota daga yankin Kure. Barewa da tuje da suka rage mana ba su da yawa.

Hukuma ta hana farauta a Nijar a 1974, aka sake buɗe ta a 1996. Doka mai lamba 98-07 ta watan Afrilu 1998 ta tsara yadda za a yi ta: sai da takardar izini, sai a lokacin da aka buɗe, ban da harbi daga cikin mota, ban da farautar dare. Ma'aikatan gandun daji ne ke ba da bayani. Riƙe bindigar ma yana da tasa takarda dabam. Makamin yaƙi kuwa ba kayan farar hula ba ne, ko da an canja masa ƙota. A 1994 aka kafa hukumar tattara haramtattun makamai, a watan Satumba 2000 aka ƙone bindigogi fiye da 1000 a Agadas. Wanda ya gaji irin wannan bindiga, ko ya tsince ta a dawa, ya sanar da mai gari, su je wajen jandarma tare.

Mai bindigar farauta ta halal ya ajiye ta ba harsashi a ciki, harsashin kuma a wani wuri da yaro ba ya kaiwa. In an yi harbi, a yanke naman da ke kewaye da raunin a yar, domin dalma guba ce, ta fi cutar da ƙananan yara da masu ciki. Dafuwa ba ta kashe ta.

In tsautsayi ya auku, a danne raunin da tsumma mai tsabta, a riƙe da ƙarfi, kada a ɗaga don dubawa. Kada a zuba toka, ko ƙasa, ko kashin dabba. Kada a tona neman harsashi. A kwantar da mutumin, a rufe shi da bargo, a kai shi asibiti mafi kusa ko da ramin ƙarami ne, domin ɓarnar tana ciki. A can za a wanke raunin, a yi masa allurar rigakafin tetanus.