Ibada, Bauta da Bege a Bakin Mutanen Damargu

Duk wanda ya zauna a zauren wani malami a Belbeji ta ƙasar Damargu cikin watan Maulidi, lokacin da almajirai ke rera Ishiriniyar Alfazazi, malamin Andalus wanda ya rasu a 1230, zai ji kalmomi uku suna ta yawo a bakunan jama'a: ibada, bauta da bege. Ibada daga Larabci ta zo, tushenta ɗaya da "abdu", wato bawa, shi ya sa Abdullahi ke nufin bawan Allah. Ita kuwa bauta tamu ce ta gado, 'yar'uwar kalmar bawa, don haka da Musulunci ya iso, malamai ba su sha wahalar fassara ba, domin harsunan biyu sun riga sun ɗaure ibada da ƙanƙan da kai.

Amma bege, a ganina, ya fi su daɗin ji, domin shi ne ƙaunar da ke tattare da kewar wanda ba ka gani, abin da malamai ke kira shauƙi, kuma Bahaushe ya fi jingina shi ga Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ku koya wa 'ya'yanku waɗannan kalmomi tare da asalinsu.