Kowa Ya Sayi Rariya: Me Ya Sa Ake Ba Masu Yawan Rauni Dogon Kwantiragi?

A watan Agustan 2004, Real Madrid ta biya Newcastle fam miliyan 13.4 ta sayi mai tsaron baya ɗan Ingila, Jonathan Woodgate. A lokacin yana jinyar rauni a cinya, kuma masu bibiyar gasar Firimiya sun san jikinsa bai cika jure wasanni da yawa a jere ba. Kakar farko ta wuce bai taka leda ko sau ɗaya ba. Sai a Satumbar 2005 ya buga wasansa na farko, da Athletic Bilbao. A wasan ya ci gida, sannan aka kore shi da jan kati. Shekara guda bayan haka ya koma Ingila aro.

Mu da muke cika gidajen kallo ranakun Asabar da Lahadi mun saba jin irin wannan labari. Da zarar ƙungiya ta sayo wanda ya yi suna wajen jinya, sai tsokana ta tashi a aji da majalisa: "Kun sayo gilashi." Sai dai waɗannan ƙungiyoyi suna da likitoci da lauyoyi da akantoci, ba da ka suke ciniki ba. To me ya sa suke ɗaure kansu shekara biyar ko bakwai da mutumin da tarihin jinyarsa ke rubuce a gabansu?

Rauni ba ya soke kwantiragi

Bari mu fara da doka. A ƙa'idojin FIFA, ba a yarda ƙungiya ta rubuta cewa kwantiragi zai tabbata ne kawai idan ɗan wasa ya tsallake gwajin lafiya ba. Ma'ana, duk binciken da za ta yi, ta gama shi kafin a rattaba hannu. Bayan an sa hannu, idan ɗan wasa ya ji rauni yana bakin aiki, wannan kaɗai bai isa dalilin korarsa ba. Yana cikin fili ko yana kan gadon asibiti, nan yarjejeniyar take.

Shi ya sa gwajin lafiya ba wasa ba ne. Ana ɗaukar hoton gwiwa da idon sawu da tsokoki, a auna zuciya da jini, a karanta tarihin duk raunin da mutum ya taɓa ji. Irin wannan bincike ne ya gano matsalar zuciyar Nwankwo Kanu a Inter Milan a 1996, jim kaɗan bayan Najeriya ta ci zinare a gasar Olamfik ta Atlanta. An yi masa tiyata a Amurka, ya warke, ya kuma yi fice a Arsenal daga 1999.

Likitocin wasanni sun daɗe da sanin cewa wanda ya taɓa yagewar tsokar bayan cinya ya fi waninsa haɗarin sake jin rauni a wurin. Tsinkewar babbar jijiyar da ke riƙe tsakiyar gwiwa kuwa takan ci wa ɗan wasa wata shida zuwa tara, wani lokaci fiye da haka. Likita yakan faɗi girman haɗarin, shugabanni su yanke shawara. Hausawa suka ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Dalilai uku

Na farko shi ne araha. Ɗan wasa mai baiwa kuma mai ƙoshin lafiya, kowa na rububinsa, kuɗinsa sai ya yi sama. Wanda baiwarsa ta kai haka amma yana yawan jinya, farashinsa kan sauka. Barcelona ta sayi Ousmane Dembélé daga Dortmund a 2017 a kan Yuro miliyan 105, ban da ƙarin da aka yi alkawari. Bayan shekara shida da ya sha fama da raunin tsoka, PSG ta ɗauke shi a 2023 a kan kusan Yuro miliyan 50, ƙasa da rabin wancan kuɗi, ta kuma ba shi shekara biyar.

Na biyu shi ne tsoron asara. Tun hukuncin kotun Turai na 1995 a shari'ar Jean-Marc Bosman, ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare yana iya tafiya kyauta, tsohuwar ƙungiyarsa ba ta samun kuɗin ciniki. Idan ka ba mai yawan rauni shekara ɗaya tak, ya warke ya haskaka, sai ka wayi gari abokiyar hamayya ta ɗauke shi. Shi ma ɗan wasan da wakilinsa sun san haka. Wanda ya san jikinsa na iya ba shi kunya gobe, abin da ya fi nema shi ne tsawon shekaru a takarda, kuma ƙungiyar da ta ƙi ba shi, wata za ta ba shi.

Na uku lissafi ne, kuma ɗalibin da ya iya rabawa zai gane shi nan take. A littafin kuɗin ƙungiya, ba a rubuta kuɗin sayen ɗan wasa gaba ɗaya a shekara guda. Ana raba shi ne bisa shekarun kwantiragi. Ɗan wasan fam miliyan 70 a kan shekara biyar, fam miliyan 14 ke nan duk shekara. A kan shekara bakwai kuwa, miliyan 10. Da wannan dabara ƙungiya kan sayi 'yan wasa da yawa ba tare da ta karya dokar taƙaita kashe kuɗi ba. Chelsea ta yi amfani da ita sosai daga 2022, har ta ba Mykhailo Mudryk da Enzo Fernández shekara takwas da rabi kowannensu. Ganin haka, a 2023 hukumar ƙwallon Turai, UEFA, ta ce ko kwantiragi ya kai shekara nawa, ba za a raba kuɗin a kan fiye da shekara biyar ba. Gasar Firimiya ta bi sahu a ƙarshen shekarar.

Inda kasada ta yi riba

A shekaru bakwai na farko da Robin van Persie ya yi a Arsenal, bai taɓa buga wasa 30 na Firimiya a kaka ɗaya ba. A ta takwas ya buga duka 38, ya ci ƙwallo 30. Manchester United ta saye shi a 2012 yana da shekara 29, ta ba shi shekara huɗu. Masu suka sun ce kaka ɗaya ce ta ruɗe su. Ya ci ƙwallo 26, United ta ɗauki kofin Firimiya a kakar ƙarshe ta Alex Ferguson.

Haka Arjen Robben, wanda ya sha jinya a Chelsea da Real Madrid. Bayern Munich ta ɗauke shi a 2009, ya yi mata shekara goma, kuma shi ya ci ƙwallon da ta ba ta kofin Zakarun Turai a Wembley a 2013. Dembélé kuwa, shekara biyu bayan zuwansa Faransa, ya ɗauki kofin Zakarun Turai da PSG, ya kuma lashe kyautar Ballon d'Or ta 2025.

Labarin Victor Boniface na Super Eagles ya fi nuna yadda masana kansu kan saɓa. Sau biyu jijiyar gwiwarsa ta tsinke lokacin yana Bodø/Glimt ta ƙasar Norway. Duk da haka Bayer Leverkusen ta ba shi shekara biyar a 2023, kuma a kakarsa ta farko ta lashe gasar Jamus ba tare da an doke ta ba. A Agustan 2025 ya je Italiya zai koma AC Milan, amma bayan gwajin lafiya cinikin ya rushe. Ƙungiyoyi biyu sun dubi tarihi ɗaya, kowacce ta yanke nata hukuncin.

Inda ta zama jidali

Wesley Fofana ya karye a ƙafa a Agustan 2021, a wasan sada zumunta tsakanin Leicester da Villarreal. Ya dawo a Maris ɗin 2022, kuma bayan wata biyar Chelsea ta saye shi a kan kusan fam miliyan 70, da kwantiragin shekara bakwai. A kakar farko ciwon gwiwa ya hana shi wasanni da dama. A Yulin 2023 aka yi masa tiyatar jijiyar gwiwa, kakar da ta biyo baya ta wuce bai buga ko minti ɗaya ba.

Samuel Umtiti, haifaffen Yawunde a Kamaru, ya sabunta da Barcelona har shekara biyar a Yunin 2018. Bayan wata guda ya ci ƙwallon da ta kai Faransa wasan ƙarshe na Kofin Duniya, suka kuma ɗauki kofin. Daga nan gwiwarsa ba ta sake barinsa ya huta ba. Barcelona ta rasa mai saye, ga albashi mai nauyi. A Janairun 2022 sai ta ƙara masa shekaru har zuwa 2026, shi kuma ya yarda a rage albashin, don a samu damar yi wa wani sabon ɗan wasa rajista. A 2023 suka raba gari.

Asarar ba ta tsaya ga albashi ba. Dole a sayi wani ya cike gurbin, sai a riƙa biyan mutum biyu a kan aiki ɗaya. Koci ba ya iya tsara tawagarsa a kan wanda bai san ranar dawowarsa ba. Kuma darajar ɗan wasan na faɗuwa, ba mai son ɗaukar nauyin da ke kansa.

Amma kada mu ɗauka lafiyar jiya tabbaci ce. Eden Hazard ya buga wa Chelsea wasa 352 a shekara bakwai, da wuya ka ji yana jinya. Real Madrid ta ba shi shekara biyar a 2019. A Nuwamban shekarar ya ji rauni a idon sawu a wasa da PSG, kuma daga nan al'amura suka dagule. Wasa 76 ya buga a shekara huɗu, da ƙwallo bakwai, ya yi ritaya a 2023 yana da shekara 32.

Akwai hanyar tsakiya

A Janairun 2011, Stoke City ta fasa sayen Demba Ba na Senegal saboda abin da likitocinta suka gani a gwiwarsa. West Ham ta ɗauke shi bisa sharaɗin da ya danganta biyansa da yawan wasannin da ya buga. Ya ci ƙwallo bakwai a wasa 12 na Firimiya, ya koma Newcastle, ya ci 16 a kaka ta gaba.

Ƙungiyoyi masu taka-tsantsan sukan yi irin haka: matsakaicin albashi da ƙarin lada a kan kowane wasa, ko gajeren kwantiragi da zai ƙaru da kansa idan an kai wani adadi na wasanni, ko aro kafin saye. A ganinmu, laifin ba a sayen mai tarihin rauni yake ba. Yana wajen biyan cikakken farashi da cikakken albashi da shekaru masu yawa lokaci guda, kamar babu haɗarin komai. Don haka idan ƙungiyarku ta yi irin wannan saye, kafin ku fara murna ko ƙorafi, ku tambayi abu uku: shekarunsa nawa, wane irin rauni ne kuma sau nawa ya dawo, sannan an samu ragi a kuɗin ko kuwa?

Wanda ke kan gadon

Mukan manta cewa babu ɗan wasan da ke son benci. Wanda muke yi wa dariya da "yana cin kuɗi a banza" yakan shafe watanni yana motsa jiki shi kaɗai, abokansa na fili, shekarun ƙarfinsa na tafiya. Sana'ar ƙwallo gajera ce, yawancin 'yan wasa kan ajiye takalmi kafin su kai 40. Dogon kwantiragi shi ne garkuwarsu, kuma ba sata suka yi ba, yarjejeniya ce da ɓangarori biyu suka sa wa hannu da idonsu buɗe.

Nan ne maganar ta shafe mu. Da yawa daga cikinku na buga wa makaranta ko ƙungiyar unguwa, wasu na mafarkin Kano Pillars ko Turai. Fofana yana da takardar da ta ci gaba da biyansa yana jinya. Yaron da ya ji ciwo a filin unguwa ba shi da wannan, iyayensa ne za su ɗauki nauyi. Kuma raunin da aka ɓoye wa malamin wasanni don kada a rasa gurbi a wasan ƙarshe, shi ne wanda na'urar likita za ta iya tonowa ranar da babbar dama ta zo.

Saboda haka idan gwiwa ta kumbura ko tsoka ta riƙe, a faɗa, a je asibiti, kuma kada a koma fili sai likita ya ba da izini. Idan wani ya zo da takarda yana alkawarin kai ku waje, ku sani cewa dokar FIFA ba ta yarda ɗan ƙasa da shekara 18 ya sa hannu a kwantiragin ƙwararru da ya wuce shekara uku ba. Ku kai wa iyaye da wanda ya san doka su karanta, ku kuma nemi a nuna muku layin da ya faɗi wanda zai biya kuɗin magani idan kun ji rauni. Idan babu wannan layi, kada ku yi gaggawar ɗaukar biro.