Kuɗin Fanshon Mamaci: Haraji, Gado Da Zakka

A Dudunni da sauran garuruwan Kusada da Kankiya, mun saba da rabon gadon gona, gida da dabbobi. Yanzu kuwa wata dukiya ta shigo: kuɗin da ma'aikacin gwamnatin tarayya ko na kamfani ya tara a asusun fansho kafin ya rasu. Da zarar an tashi daga zaman makoki, sai tambayoyi uku su taso: nawa hukuma za ta cira, wa zai karɓa, kuma akwai zakka?

Dokar Gyaran Fansho ta 2014 ta wajabta wa ma'aikaci zuba aƙalla kashi 8 cikin ɗari na albashinsa duk wata, wanda ya ɗauke shi aiki kuma kashi 10. Dokar ta yafe wa haƙƙin ritaya haraji. Abin da ta ware shi ne ribar ƙarin ajiyar da mutum ya yi don ganin damarsa, idan aka cire ta kafin shekara 5. Najeriya ba ta karɓar harajin gado, sai dai akwai kuɗin da kotu ke karɓa kafin ta ba da takardar izinin kula da dukiyar mamaci. 'Yan'uwanmu mazauna Amurka su lura cewa a can yawanci ana lissafa abin da magaji ya cira daga irin wannan asusu cikin kuɗin shigarsa, a biya haraji.

Inda aka fi zamewa shi ne tambaya ta biyu. Da yawa suna ɗaukar cewa wanda mamaci ya rubuta sunansa a fam a matsayin makusanci shi ne mai kuɗin. Doka ba ta ce haka ba. Kamfanin fansho yana sakin kuɗin ne bisa wasiyyar da kotu ta tabbatar ko waccan takardar izini, da amincewar hukumar PenCom, a raba bisa dokar da mamacin ke bi. Ga Musulmi, Shari'a ke nan. Wanda kuɗin ya shiga asusunsa amana ce ya riƙe.

Tsarin kuwa sananne ne: hidimar jana'iza, sai bashi, sai wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, sannan rabo kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i, aya ta 11, 12 da 176. A misali, idan naira 2,400,000 ta rage, mamacin ya bar mata, uwa, 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, matar za ta sami tumuni, 300,000. Uwa sudusi, 400,000. Kowane ɗa 680,000. 'Yar kuma 340,000.

Game da zakka, a mazhabar Malikiyya magaji yana fara ƙirgen shekara ne daga ranar da kuɗin ya shiga hannunsa. Idan rabonsa ya kai nisabi, wato kimar dinari 20 na zinariya, kuma shekara ta zagayo yana nan, sai ya fitar da kashi 2.5 cikin ɗari. Kowa da lissafin rabonsa.

Shawararmu ita ce a karɓi takardar bayanin asusu daga kamfanin, a karanta ta gaban dukkan magada, har da mata da waliyyan marayu, sannan a kai rabon gaban alƙali ko malamin da ya san fara'id. Aya ta 10 a wannan sura ta yi wa mai cin dukiyar maraya da zalunci alkawarin wuta. Hukuma ta yafe nata, amma haƙƙin maraya yana nan.

Allah Ya jiƙan mamatanmu, Ya tsare mu daga cin haram.