Neman Magajin Hinault: Yadda Kimiyya Ke Auna Matasan 'Yan Tseren Keke a Faransa

Gabatarwa

A watan Yuli na shekarar 1985 ne Bernard Hinault ya lashe gasar tseren keke ta Tour de France karo na biyar. Wannan gasa, wadda aka fara a 1903, ita ce uwa ma-ba-da-mama a fagen tseren keke. Ana yin ta zango 21 cikin mako uku, kuma tsawonta ya haura kilomita 3,000. Tun daga nasarar Hinault har zuwa gasar 2025, watau shekara 40 cur, ba a sami wani namiji Bafaranshe da ya sake cin ta ba. A ɓangaren mata ne Pauline Ferrand-Prévot ta share wa ƙasar hawaye a 2025.

Saboda wannan doguwar ƙishirwa, da zarar wani matashi ya ɗan yi fice sai jaridun Faransa su fara kiransa magajin Hinault. Lamarin ya wuce surutun jarida, domin ƙungiyoyin tsere suna zuba kuɗi masu yawa a kan yaro ɗan shekara 18, shi kuma yana jingina rayuwarsa ga hukuncin da aka yanke a kansa. Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. To, ko ilmin halitta zai iya duban Larabar ɗan tsere ya faɗi yadda Juma'arsa za ta kasance?

Ma'auni na farko: oksijin

Tsokar ƙafa ba ta aiki sai da makamashi. Wannan makamashi yana samuwa ne idan aka ƙona sukari da kitse da taimakon iskar oksijin a cikin wasu ƙananan sassa na ƙwayar tsoka da ake kira maitokondiriya. Kafin oksijin ya isa can, sai ya bi doguwar hanya: huhu ya shaƙo shi, jajayen ƙwayoyin jini su ɗauke shi, zuciya ta tura jinin, sannan siraran jijiyoyi su kai shi ga tsoka.

Tun a shekarun 1920 masani A. V. Hill na Ingila ya nuna cewa oksijin da jiki zai iya sarrafawa a minti ɗaya yana da iyaka. Wannan iyaka ita ce ƙololuwar shan oksijin, wadda masana ke rubutawa da alamar VO2max. Don a auna ta, akan ɗora ɗan tsere a kan keken da aka kafe a ɗakin gwaje-gwaje, a sanya masa takunkumi mai haɗe da na'ura, a riƙa ƙara wa fedar nauyi kaɗan-kaɗan har sai ya gaza. Na'urar tana kwatanta iskar da ya shaƙa da wadda ya fitar.

Saurayi lafiyayye wanda ba ya horo yakan sami mililita 35 zuwa 45 a kan kowane kilo na nauyinsa a minti ɗaya. Ƙwararrun 'yan tseren keke kuwa sukan sami 70 zuwa 85. Babban tushen wannan bambanci shi ne zuciya. Mutum yana zaune, zuciyarsa na tura kimanin lita 5 na jini a minti. Idan ya yi aiki iya ƙarfinsa takan kai lita 20, amma ta gwanin tsere tana iya kai wa 35 ko fiye, domin ta yi girma kuma kowane bugu yana fitar da jini mai yawa. Shi ya sa bugunta a lokacin hutu ke sauka zuwa 40 a minti ko ƙasa da haka.

Sai dai wannan ma'auni girman inji kawai yake nunawa. Misali mafi kyau ya fito ne daga ƙasar Norwe. Wani matashi mai suna Oskar Svendsen, wanda ya zama zakaran duniya na matasa a tseren agogo a 2012, an auna shi yana ɗan shekara 18 aka sami fiye da 96, adadin da ke cikin mafi girma da aka taɓa rubutawa. Duk da haka a 2014 ya jingine keke ya koma karatu, bai taɓa shiga Tour de France ba.

Ma'auni na biyu: ƙarfi da nauyi

Abin da ke tura keke gaba shi ne ƙarfin da ya isa feda, kuma da wat ake auna shi, kamar yadda ake auna ƙwan lantarki. A 1986 wani injiniya Bajamushe, Ulrich Schoberer, ya ƙirƙiro na'urar SRM wadda ake ɗaurawa a jikin keke tana auna wannan ƙarfi a kan hanya. Ƙwararren ɗan tsere yana iya riƙe wat 400 har tsawon rabin sa'a, watau kamar ya kunna ƙwai shida ko bakwai masu wat 60. Daga cikin makamashin da jikinsa ya ƙona, kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari ne kurum ke isa feda, sauran ya tafi a zafi. Saboda haka mutum biyu masu shan oksijin daidai suna iya bambanta a wat, idan tsokar ɗaya ta fi ta ɗayan tattali.

A shimfiɗaɗɗiyar hanya iska ce babbar abokiyar gaba, kuma wanda ya fake bayan wani yakan rage wahalarsa da kusan kashi ɗaya cikin uku. A kan dutse kuwa nauyin jiki ne matsala. Hawan Alpe d'Huez, alal misali, kilomita 13.8 ne mai kwana 21, kuma a kowace mita 100 hanyar tana ɗagawa kimanin mita 8. A irin wannan wuri akan raba wat da nauyin mutum. Ɗalibi na iya gwada lissafin da kansa: mai kilo 75 da ke ba da wat 420 yana da wat 5.6 a kowane kilo, shi kuwa mai kilo 60 da ke ba da wat 360 yana da wat 6. Na farko ya fi ƙarfi, amma na biyu ne zai riga shi kai wa tsororuwa. Waɗanda ke cin manyan gasanni sukan riƙe wat 6 ko fiye a kowane kilo na minti 30 zuwa 40.

Wannan lissafi yana da haɗarinsa. Matashin da ya gane cewa rage kilo yana ɗaga adadinsa yana iya fara ƙauracewa abinci, alhali a Tour de France jiki na ƙona kalori wajen 6,000 a rana. Ƙarancin abinci ga mai tasowa yana raunana ƙashi, ya rage garkuwar jiki, ya kuma dagula sinadaran girma. Adadin zai yi kyau a bana, baɗi kuma mutumin ya durƙushe.

Gado ko horo?

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Lenny Martinez, wanda aka haifa a 2003, ya sanya jar rigar jagoran gasar Vuelta ta Sifen a 2023 yana ɗan shekara 20. Mahaifinsa Miguel ya ci lambar zinariya ta keken tsauni a wasannin Olamfik na 2000, kakansa Mariano kuma shi ne gwarzon hawan duwatsu a Tour de France ta 1978. Amma gida ɗaya ba hujja ba ne a kimiyya, domin yaron da ya gaji jini ya kuma gaji keke da tarbiyya.

Hujja mai ƙarfi ta fito daga binciken HERITAGE wanda Claude Bouchard ya jagoranta a Amurka da Kanada a shekarun 1990. An ɗauki ɗaruruwan mutane 'yan gida-gida waɗanda ba sa motsa jiki, aka ba su horo iri ɗaya na mako 20. A tsakaice shan oksijin nasu ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Amma wasu kusan ba su ƙaru ba ko kaɗan, wasu kuma sun ninka matsakaicin. An kuma ga cewa kusan rabin wannan bambanci gado ne. Ma'anar wannan ita ce, baiwa iri biyu ce: akwai inda mutum ya fara, akwai kuma yadda jikinsa ke karɓar horo. Gwajin rana ɗaya yana nuna inda mutum yake ne kawai, ba ya nuna sauran tafiyar da ta rage masa.

Har ila yau akwai batun balaga. Yara biyu 'yan shekara 16 a takarda suna iya bambanta da shekara biyu ko uku a girman jiki. Wanda ya balaga da wuri yana da tsoka da jini irin na manya, sai ya riƙa cin tsere, a ɗauka gwani ne. Haka kuma yaron da aka yi wa horon ƙwararru tun yana 15 ya riga ya ci wani ɓangare na ci gaban da ake sa ran zai yi nan gaba.

Don haka masu horarwa suka koma bin matashi shekara da shekaru. A Jami'ar Franche-Comté da ke Besançon, Frédéric Grappe da Julien Pinot sun bi diddigin Thibaut Pinot, ƙanen Julien, na tsawon shekara shida, daga 2008 zuwa 2013, suka buga sakamakon. Sun nuna yadda aka riƙa ƙara masa horo sannu a hankali, ƙarfinsa kuma yana hawa tare da shi. A 2014 ya zo na uku a Tour de France.

Abin da ɗakin gwaji ba ya gani

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A ɗakin gwaji ana auna mutum yana da hutu, amma a gasa dutsen ƙarshe yana zuwa ne bayan sa'a huɗu ko biyar a kan sirdi. Nazarin da aka yi kan bayanan wat ya nuna cewa matasa da yawa suna iya yin kafaɗa da kafaɗa da manya idan ba su gaji ba, amma bayan doguwar tafiya ƙarfinsu ya fi saurin zubewa. A kan wannan akwai farfaɗowa: wanda zai ci gasar mako uku dole jikinsa ya gyara kansa cikin dare, hanjinsa ya karɓi abinci mai yawa, ya jure zafi da sanyi da ƙarancin oksijin a wurare irin su Galibier mai tsayin mita 2,642. Sai kuma iya gangara dutse da gudun da ya haura kilomita 80 a sa'a, da iya kutsawa cikin ayarin mutum fiye da 170, da natsuwa a gaban idon ƙasa baki ɗaya.

Shi kansa sakamakon gasa ba kullum yake faɗin gaskiya ba. A shekarun 1990 wasu 'yan tsere sun riƙa allurar EPO, sinadarin da ƙoda ke fitarwa don umartar ɓargo ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini. Abin kunyar ƙungiyar Festina a 1998 ya sa Faransa ta fara bin lafiyar 'yan tserenta a kai a kai daga 1999, hukumar tseren keke ta duniya kuma ta kawo fasfon jini a 2008. Matashi mai gaskiya a wancan zamani yana iya zama kamar rago a gaban masu maguɗi.

Shaidar tarihi

Gasar Tour de l'Avenir, wadda aka fara a 1961, ita ce babbar jarrabawar matasa. Egan Bernal na Kolombiya ya ci ta a 2017, ya ci Tour de France a 2019. Tadej Pogačar na Sulobeniya ya ci ta a 2018, ya ci Tour a 2020. Faransawan da suka ci ta fa? Warren Barguil, zakaran 2012, ya ci zango biyu da rigar gwarzon duwatsu a 2017. David Gaudu, zakaran 2016, ya zo na huɗu a 2022. Romain Sicard ya haɗa ta da kambin duniya na 'yan ƙasa da shekara 23 a 2009, amma bai taɓa shiga goman farko a Tour ba, kuma a 2021 ya yi ritaya bayan an gano masa ciwon zuciya. Shi ma Thibaut Pinot, a 2019 ya ci zangon Tourmalet, ana ganin lokacinsa ya yi, sai tsokar cinya ta yage, ya fita a zango na 19 yana hawaye.

A ɗaya gefen kuma ga Jean-Christophe Péraud, wanda ya fito daga keken tsauni, bai zama ƙwararren ɗan tseren titi ba sai a 2010 yana da shekara 32. A 2014 ya zo na biyu a Tour de France yana da 37. Ba a taɓa kiransa magajin kowa ba.

Kammalawa

A 2025 idanu suka koma kan Paul Seixas, haifaffen Lyon a 2006. Ya zama zakaran duniya na matasa a tseren agogo a 2024. A 2025 ya zo na takwas a Critérium du Dauphiné yana ɗan shekara 18, ya ci Tour de l'Avenir, sannan ya zo na uku a gasar nahiyar Turai, bayan Pogačar da Remco Evenepoel. Waɗannan sakamako sun fi gwajin ɗaki nauyi, domin an same su ne a dogayen tsere, a gaban manya.

Duk da haka, abin da kimiyya za ta iya faɗa yana da iyaka. Tana iya cewa da tabbaci wanda shan oksijin nasa bai wuce 55 ba ba zai ci Tour de France ba. Ba za ta iya nuna wanda zai ci daga cikin matasa ashirin da suka haura 80 ba. Mai auna matashi da adalci zai tambayi shekarun da ya yi yana horo, da yadda ƙarfinsa ke hawa daga shekara zuwa shekara, da abin da ke rage masa bayan ya gaji, da kuma lafiyarsa. Waɗannan tambayoyi sun shafi malamin wasanni da ke zaɓen 'yan gudu a filin makaranta, kamar yadda suka shafi mai horarwa a Besançon. Yaron da ya zo na biyar a aji uku yana iya kasancewa bai gama girma ba ne, kuma ya cancanci a sake auna shi baɗi.