Kifin Wel: Dukiyar da Ba Ta da Makiyayi

Wel, wanda ake kira kifi duk da cewa haihuwa yake yi yana shayar da ɗansa nono, yana ratsa tekunan ƙasashe da dama a cikin shekara guda, saboda haka babu ƙasar da za ta ce nata ne, kuma duk wadda ta ɗaga masa ƙafa ta san wata ce za ta kama shi. Ga kuma jinkirin haihuwa: macen shuɗin wel, dabba mafi girma a duniya, ɗa ɗaya take haifa bayan shekara biyu ko uku. A 1973 masanin lissafi Colin Clark ya nuna cewa idan garke yana ƙaruwa a hankali fiye da yadda kuɗi ke haihuwa a banki, ɗan kasuwa ya fi samun riba idan ya karkashe garken ya juya kuɗin a wata harka.

Yarjejeniyar da aka sanya wa hannu a Washinton a 1946, wadda ta kafa Hukumar Farautar Wel ta Duniya, ta faɗa cikin wannan rami ne tun daga farko. An yanka wa dukkan ƙasashe kaso guda a tekun Antatika, ba tare da an raba shi tsakaninsu ba, don haka farauta ta koma wasoso, kowane kamfani yana ƙara jirage domin ya riga saura kafin kason ya ƙare a rufe farautar. Ma'aunin kason ma na man wel ne, wanda ake yin sabulu da man shafa burodi da shi: shuɗin wel ɗaya daidai yake da shida na wani ƙaramin jinsi, lamarin da ya sa maharba suka fara da manya, sai da suka yi ƙaranci sannan suka gangaro kan ƙanana. Abin takaici ne cewa sai a 1972 aka soke wannan ma'auni, kuma bayan rushewar Tarayyar Sobiyat aka gano cewa jiragenta sun ɓoye dubban wel da suka kashe.

Lokacin da hukumar ta zartar da dakatar da farautar kasuwanci a 1982, man tsirrai ya riga ya karya darajar man wel, Ingila da Holan kuwa sun daɗe da jingine jiragensu, don haka haramcin bai ci musu komai ba. Waɗanda ya shafa suka bi ta ƙofofin da yarjejeniyar ta bari a buɗe: Norwe ta yi rajistar ƙin amincewa ta koma farauta a 1993, Japan ta fake da binciken kimiyya har Kotun Duniya ta yanke hukunci a kanta a 2014, sannan ta fice daga hukumar a 2019.

Tun da sauya doka a hukumar na buƙatar kashi uku cikin huɗu na ƙuri'u, ƙuri'a ta zama haja, masu goyon bayan farauta da masu adawa da ita suna zawarcin ƙananan ƙasashe, har da irin su Mali da Mongoliya waɗanda ko gaɓar teku ba su da ita. A gefe guda, wel mai rai ya yi kasuwa: a 2008 mutane kimanin miliyan 13 suka biya kuɗin zuwa kallonsa a ƙasashe da yankuna 119, harkar da ta samar da fiye da dala biliyan 2.