Yawon Sallah da Matashi Mai Galahanga

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titi a unguwar Dutse Uku da ke Jos kashegarin Sallah ya san yadda abin yake. Keke na wucewa maƙare da yara, kowa da sabon ɗinki, hannun 'yan mata ya sha lalle, an nufi gidan zu ko filin wasa na Solomon Lar. Lokacin Kirsimeti ma haka maƙwabtanmu suke yi. Wanda ba a gani daga bakin titi shi ne yaron da aka bari a gida. A gidan ƙanwata, ɗanta na fari ake bari wajen kakarsa. Shekarunsa 15 yanzu, yana da lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim.

Ba haka kawai aka daina fita da shi ba. Yana ɗan shekara tara aka kai shi wani wurin wasa ranar Sallah da la'asar. Layin tikiti ya yi tsawo, lasifika na ta amo, janareta na ruri, ga yara na ture juna. Sai ya toshe kunnuwa, ya zube ƙasa, ya shiga cizon bayan hannunsa. Nan da nan mutane suka yi masa zobe. Wata dattijuwa ta ce aljanu ne, a yi masa tofi. Wani ya ce sangarta ce, bulala biyu za ta warkar da shi. Uwar ta ɗauko ɗanta tana hawaye, kuma aka shekara shida ba a sake gwadawa ba.

Ba aljanu ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma sakacin uwa ba. Galahanga bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke girma da yadda take karɓar abin da ido da kunne da fata ke kai mata. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana ta dalla-dalla a 1943, bayan ya lura da yara 11. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin ɗari na da ita, ke nan da wuya a sami unguwa mai girman tamu babu irin waɗannan yara. Kalmar galahanga kanta jaka ce da muke zuba lalurori daban-daban a ciki, shi ya sa ya kamata likita ya tantance, a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo ko makamancinsa. Masu ita ma ba ɗaya suke ba. Wani yana jami'a, wani ko kalma ba ya furtawa. Amma da yawansu sun yi tarayya a abu biyu da suka shafi fita yawo: ƙara da cunkoso suna yi musu ciwo na gaske, kuma abin ba-zata yana tayar musu da hankali. Zubewar da yaron ya yi ba rigimar neman alewa ba ce. Tulu ne ya cika ya tumbatsa, tsawa kuwa ƙarin ruwa ce.

A wasu ƙasashe wuraren wasa sun fara gyara. A birnin San Antonio na Amurka, wani magini mai suna Gordon Hartman ya buɗe Morgan's Wonderland a 2010 saboda 'yarsa, wuri ne da aka tsara tun daga tushe domin masu buƙata ta musamman. A 2018 filin wasa na Sesame Place ya horar da ma'aikatansa, ya kuma ware ɗakunan da babu hayaniya inda yaro zai shiga ya huce. Mu nan abin dogaro shi ne tsarin da iyali suka yi wa kansu, kuma mafi yawansa ba ya cin ko kobo.

Babban abu shi ne rana. Mun ɗaure wa kanmu cewa yawon Sallah sai ranar Sallah, alhali ita ce ranar da ta fi kowace muni ga mai galahanga. Wurin da ke cike maƙil ranar biki, idan ka koma bayan mako guda, ranar Talata da hantsi, sai ka ji har kukan tsuntsaye. Dabbobin nan dai su ne, lilon nan shi ne. Abin da ya ragu kawai jama'a da kiɗa. Na san akwai mai cewa ai daɗin Sallah taron, kuma gaskiya ne ga sauran yara. To a kai su ranar taron, shi a ware masa tasa ranar. Safiya ta fi, musamman da damina, tunda ruwan Jos ya fi son saukowa bayan azahar. Idan kuma lokacin sanyi ne, garin da ke kan tudun da ya kai mita 1,200 ba a fita cikinsa da yaro babu rigar sanyi, kuma wadda ya saba da ita.

Maganar tufafi ma ba ƙarama ba ce. Sabuwar shadda da ta sha sitaci, da hula mai matse kai, da sabon takalmi, kwalliya ce a idonmu, amma a jikinsa kamar ƙaiƙayi ne. Yaron da ya fita gida cikin kayan da ke cizon sa ya riga ya ƙarar da rabin haƙurinsa kafin a isa wurin.

Sai wurin da za a je. Jos ta yi sa'a a nan. Gandun namun dajin da aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk fili ne mai faɗin kusan murabba'in kilomita takwas, akwai itatuwa da inuwa da inda mutum zai janye daga jama'a, sai dai akwai tafiyar ƙafa. Gidan zu na cikin gari ya fi kusa da mu, ya fi kuma matsi. Filin wasa mai injuna kuwa ya danganta da yaron: wani juyin lilo ke kwantar masa da hankali har ba ya son sauka, wani ko kallo ba ya iya yi. Kuskuren da muka daɗe muna yi shi ne mu zauna mu yanke masa. Matashi ɗan shekara 15 yana da ra'ayi ko da bakinsa bai cika faɗa ba. Da aka nuna wa namu hotuna uku a waya, zaki da lilo da tsohon kan jirgin ƙasa, bai ko dubi zakin ba. Ya ɗora yatsa a kan jirgin ya ƙi ɗagawa. A harabar gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, akwai tsofaffin jiragen ƙaramin layin dogon da ya haɗa Zariya da Jos saboda jigilar kuza, wanda aka rufe a 1957. Mu muna tunanin namun daji, ashe shi ƙarfe yake so.

Mahaifinsa ya fara zuwa shi kaɗai. Ya ɗauki hoton ƙofar shiga, da wurin sayen tikiti, da bayan gida, da bencin da za a zauna a ci abinci. Kullum bayan magariba, har kwana biyar, ana nuna wa yaron hotunan a jere: za mu hau keke, za mu sauka nan, Baba zai biya kuɗi, za mu ga jirgi, za mu ci dankali, za mu dawo gida. Wata malama a Amurka, Carol Gray, ita ta yaɗa irin wannan dabara a farkon shekarun 1990, amma ba ta wuce abin da kowace uwa za ta iya da wayar hannu ba. Sharaɗinta ɗaya ne, abin da aka faɗa shi za a yi. Kada a ce daga nan gida, sannan a hanya a ce bari mu biya mu gaida Gwaggo a Anguwar Rogo. Abincinsa ma daga gida aka soya aka zuba a kwanon da ya sani, domin da yawa daga masu galahanga ba sa cin baƙon abinci, kuma yunwa tana gaba-gaba cikin abin da ke tayar da su. Aka saka abin toshe kunne a jaka.

Akwai abin da ya bambanta matashi da ƙaramin yaro, kuma shi ne ya fi hana ni barci. Ɗan shekara biyar idan ya yi ihu a bainar jama'a, a ce yaro ne. Namu ya fi uwarsa tsawo, gashin baki ya fara fitowa, murya ta buɗe. Idan ya taɓa jakar wata mata don launinta ya burge shi, ba wanda zai ce yaro ne, kuma mun san abin da kalmar ɓarawo ke jawowa a kasuwa. Garin nan kuma gari ne mai shingayen jami'an tsaro. Saurayin da aka yi wa tambaya ya ƙi amsawa, ya ƙi haɗa ido, ko ya zabura da gudu, ana iya yi masa mummunar fahimta cikin daƙiƙa kaɗan. Don haka babba ya zauna kusa da shi a keke, ya riga kowa magana: "Ranka ya daɗe, ɗana ne, yana da lalura, ba ya amsa tambaya." A aljihunsa a saka kati mai sunansa da lambar waya biyu da bayanin lalurar, da Hausa da Turanci. A ɗauke shi hoto da safen nan cikin kayan da ya sa. A ƙofar shiga ma a gaya wa masu gadi tun kafin wani abu ya faru. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce a ba su fifiko a layi, saboda haka neman a shigar da shi ba roƙon alfarma ba ne, ko da yake da lallami aka fi samu.

Idan budurwa ce, a duba kwanakin al'adarta kafin a sa rana, kuma lallai mace babba ta kasance cikin tafiyar saboda bayan gida. Farfaɗiya ta fi yawa a tsakanin masu galahanga, wasu kuma a shekarun balaga take fara bayyana, don haka mai shan magani kada a bar maganinsa a gida.

Sai ruwa. Da yawansu ruwa na jan su, kuma suna iya sulalewa ba tare da kowa ya ankara ba. Filato cike take da kududdufan da haƙar kuza ta bari, masu zurfi tun daga baki, tafkin shaƙatawa na Rayfield ma asalinsa ke nan. A irin wurin nan ba a cewa ai muna da yawa, wani zai gan shi. A ambaci sunan mutum ɗaya a ce kai ne da shi, idan zai matsa ya damƙa wa wani baki da baki.

Abin da ya fi yi wa iyaye wuya shi ne tafiya da wuri. An biya keke, an biya tikiti, sai a ga kamar asara ce a juya bayan rabin awa, a yi ta "bari mu ga biri tukuna" har tulun ya cika. Alamun kuwa suna zuwa tun da wuri: yawan kaɗa hannu, maimaita kalma ɗaya, toshe kunne, jan rigar uwa. Shi ya sa muka tafi mu uku manya, muka kuma shirya da ƙannensa tun a gida cewa idan Yaya ya gaji, ni Kawu zan mayar da shi, su kuwa su ci gaba da yawonsu. Su ma suna da haƙƙi, sun sha fasa abubuwa saboda shi.

Ranar da muka je, ya wuce kai tsaye wurin jirgin kamar ya saba zuwa. Ya zagaya shi, ya tsuguna ya ƙirga ƙafafun, ya sake ƙirgawa. Wasu 'yan makaranta suka shigo da surutu, ya ɗauko abin kunnensa ya sa da kansa. Ya ci dankalinsa a kan bencin da ya gani a hoto. Ba mu cika awa guda ba ya kama hannuna ya ce, "Kawu, gida." Gidan zu na nan jikin gidan tarihin, ƙannensa har sun ja uwarsu da babansu sun yi can. Mu biyu muka fito titi muka tare keke. Muna hawa ya karɓi wayata, ya nemo hoton jirgin, ya riƙe shi a gabansa har Dutse Uku.