Shin Ko Kun San? Mata da Wurin Zama Nasu na Kansu

Shin ko kun san cewa ƙungiyar 'yan maɗigo ta farko a Amurka ba siyasa ce ta haɗa ta ba? Wurin da za su yi rawa a tsanake kawai suke nema. A 1955 mata takwas a San Francisco, ciki har da Del Martin da Phyllis Lyon, suka kafa Daughters of Bilitis, domin a lokacin 'yan sanda sun matsa wa mashaya da samame, wadda aka kama kuwa tana iya rasa aikinta. Sai suka koma haɗuwa gida-gida. A 1956 suka fara fitar da mujalla, The Ladder, ana aika ta ta gidan waya har zuwa 1972.

A Landan kuma akwai kulob ɗin Gateways, a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a unguwar Chelsea, wanda ya rufe a 1985. Ma'ajiyar tarihin 'yan maɗigo mafi shahara, Lesbian Herstory Archives, an kafa ta a 1974, ta yi shekara da shekaru a gidan da Joan Nestle ke haya a New York, akwatunan wasiƙu da hotuna jibge a ɗaki.

To mu a nan fa? Matan Hausa ba baƙin kafa wurin kansu ba ne, ko da yake dalilin ya sha bamban. Baba ta Karo, a littafin da Mary Smith ta fitar a 1954, ta ba da labarin ƙawance, yadda mace ke zaɓen ƙawa, su riƙa yi wa juna gudummawa a biki da suna har tsufa. Wannan zumunci ne, kada a haɗa shi da maɗigo. Akwai kuma gidan mata ƙarƙashin Magajiya, inda bazawarar da ta ƙi komawa aure kan sami ɗaki. Renée Pittin ta yi nazarinsa a Katsina. Rudolf Gaudio, a littafinsa na 2009 kan Kano, ya nuna yadda irin waɗannan gidaje suka zama mafakar 'yan daudu da mata masu zaman kansu, da yadda aka matsa musu bayan ƙaddamar da shari'a a 2000.

Ko a yankin noman rani na Kura da Bunkure, a 1977 matan da ke ƙwadago a gonar kamfanin BUD a Kadawa sun haɗa baki suka yi yajin aiki kan kuɗin lada. Ni a ganina wannan ya cancanci shiga littafin makaranta.

Amma ga matan da ke son mata, taron ma kansa an mayar da shi laifi a Najeriya. Dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta yanke ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, shekara 10 ga wanda ya kafa musu ƙungiya ko kulob, ko ya shiga. A Afirka ta Kudu kuwa tun 2002 'yan maɗigo baƙaƙen fata suka kafa ƙungiyar FEW a Johannesburg, a fili, da sa hannun mai ɗaukar hoto Zanele Muholi.